Gwangwanin Kurwa na Kambai

Wanda ya zauna a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan kafin shekarar 1993 zai gaya maka Kambai mutum ne mai sanyin hali, har sanyin ya so ya yi yawa. Wanda ya zo bayan nan kuwa wani abu dabam zai faɗa maka, kuma sai ya waiga hagu da dama tukuna.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Samaru Kataf, ɗan manomi jikan manomi. Ya yi firamare a makarantar mishan, ya tsinci Turanci daidai na karanta jarida, sannan wani kawunsa ya sama masa aiki a reluwe. Aikinsa juya wa jirgi layi, kuma shekara ashirin da ɗoriya bai taɓa tura jirgin Jos hanyar Fatakwal ba. Ya auri Emilia, 'yar Madakiya. Shi ba ya jin yarenta, ita ba ta jin nasa, sai Hausa ta zama yaren gida, da ita suke faɗa, da ita suke addu'a. 'Ya ɗaya ta rayu musu, Joanna. Ba ya shan burkutu, ba ya neman rigima, har ikilisiyarsu ta zaɓe shi cikin dattawa. Aibinsa ɗaya ne, in ma aibi ne: gemu da furfura, amma ga son wasa kamar ɗan firamare.

A ƙarƙashin kujerar wani tarago na jirgin Fatakwal ya tsinci abin da ya jawo masa. Wani littafin Turanci ne, bango ya yage, kusan rabin shafukan babu. Ya yi wata uku yana fama da shi kafin ya gane wasa ake koyarwa a ciki. Mutum ɗaya zai riƙa ba da labarin wata ƙasa wadda babu ita, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, sai a jefa ƙwayar lido ta yanke ko ya ci nasara ko ya sha ƙasa. Kambai ya samo takardar buhun siminti ya zana taswira, da koguna da dazuzzuka da kogon dodanni, ya raɗa mata suna Ƙasar Duwatsu Tara.

Ran Lahadi bayan an tashi sujada suke zama, a gindin mangwaron bayan gidansa. Nelson, malamin firamare, ya ɗauki maharbi. Umar Faruk tela ya ɗauki ɓarawo, aka yi ta tsokanarsa wai bai yi nisa da sana'arsa ba. Na uku shi ne Mijinyawa, ɗan kasuwar citta, mai sarowa a Kachia, wanda kakanninsa ma a kasuwar Kafanchan suka tsufa. Ƙato ne mai dariya kamar ana farfasa itace. Shi maƙeri ya ɗauka, mai ƙatuwar guduma, ya sa masa suna Dogo. In la'asar ta yi, shi da Umar Faruk su tashi su yi salla a gefe, Kambai da Nelson su tsare taswira da duwatsu kada iska ta kwashe.

Ana nan sai maharbin Nelson ya faɗa rami ya mutu, aka tsaya cirko-cirko.

“To yanzu ina ya tafi?” in ji Umar Faruk.

Kambai ya buɗe littafi, ya tarar shafukan mutuwa suna cikin waɗanda suka ɓace.

“Sama mana,” in ji Nelson. “Mutumin kirki ne.”

Mijinyawa ya kece da dariya. “Malam, wa ya ba ka makullin Aljanna? Mutumin da ya harbe jakin mutane makon jiya?”

Aka yi dariya, amma da ta lafa sai dukkansu suka yarda da abu guda: kada a sa Aljanna ko wuta a cikin wasa, wannan hurumin Allah ne. Kambai ya yi mako guda yana tunani a bakin layin dogo, har ya fito da tasa doka. A Duwatsu Tara, in ji shi, mutum kashi biyu ne, jiki da kurwa. Jiki a takarda ake rubuta shi, ƙarfinsa da rauninsa. Kurwa kuwa dole ta zama abin da ya fito daga jikin mai wasan, saboda haka kowa ya ciro maɓalli ɗaya daga rigarsa. Muddin mutum yana raye, maɓallinsa na yawo a kan taswira. Takobi jiki yake ci, ba ya taɓa kurwa. Abin da ke cin kurwa shi ne ƙarya da cin amana da gudu a bar aboki, kuma duk wanda ya yi ɗaya sai Kambai ya karce masa maɓalli da ƙusa. Karce uku, ruwa ba ya ƙara nuna fuskarka, karnuka ba sa ƙara ganinka.

In mutum ya mutu, sai a jefa maɓallinsa cikin wani tsohon gwangwanin madara. Gwangwanin nan shi ne Tashar Jira, inda kurwa ke zama a kan benci, ba yunwa, ba barci, ba mai sayar da tikiti. Bayan zama bakwai na wasa jirgi zai zo. In kafin nan wani abokin tafiya ya tako har tashar, ya kira mamacin da sunansa, ya kuma ajiye wani abu nasa da ba zai ƙara samu ba, ido ɗaya, ko hannun dama, ko tunawa da fuskar uwarsa, to kurwa za ta biyo shi ta koma jikinta. In ba wanda ya zo, jirgi ya tafi da ita.

“Ya kai ta ina?” in ji Mijinyawa.

“Ni ban sani ba,” in ji Kambai. “Ni mai juya layi ne, ba direba ba.”

Dokar ta yi wa kowa daɗi in ban da Emilia. Ta leƙa gwangwanin ta yamutsa fuska. “Baban Joanna, wannan botin na mutane da kake ajiyewa, ni ban so shi ba. Ka yi wasan da dutse mana.” Ya ce mata dutse ba na kowa ba ne, mutum ba zai ji zafin rasa shi ba. Gaskiya ya faɗa, don tun daga ranar ba wanda ya ƙara wasa da ran mutuminsa.

A watan Maris na 1987 wutar rikicin addini ta tashi a Kafanchan, ta bi hanya har Kaduna da Zariya. Lahadi uku gindin mangwaro ba kowa sai kaji. Ta huɗu, Kambai na zaune shi kaɗai, sai ga Mijinyawa da karan rake a hammata. Ya zauna, ya karya rake, ya miƙa masa rabi, ya ce, “Oga Kambai, a ina muka tsaya?” Bai yi zancen abin da aka ƙone ba, Kambai ma bai yi ba. Tun daga ranar Kambai ya ƙaunaci mutumin nan ƙauna irin ta ciki ɗaya, ko da yake bai taɓa buɗe baki ya faɗa masa ba. Suka ci gaba da wasa shekara biyar. Da Salla uwar Mijinyawa, Asibi, takan aiko da waina da miyar taushe, da Kirsimeti Emilia ta mayar da kwanon cike da shinkafa da kazar da Mijinyawa ya yanka da hannunsa.

Cikin watan Afrilu na 1992 Dogo maƙeri ya mutu. Mutuwa ce mai kyau, ya tare wata gada shi kaɗai da gudumarsa har abokan tafiyarsa suka haye. Mijinyawa da kansa ya jefa farin maɓallinsa a gwangwani, yana cewa, “Saura ku bar ni in ruɓe a can!” Nelson ya rantse maharbinsa zai ba da ido ɗaya. Sun yi zama biyu suna kan hanyar tasha, sai rikicin Zangon Kataf ya ɓarke a watan Mayu.

Wannan karon rake bai gyara komai ba. Dangin Asibi na wajen uwa a can suke, kuma ba duka suka fito ba. Kambai kuwa mutumin Kataf ne, shi ma yana da nasa waɗanda ya binne. Umar Faruk ya ɗaure keken ɗinkinsa ya koma Kano. Nelson ya ce aikin makaranta ya yi masa yawa. Kambai da Mijinyawa in sun haɗu a kasuwa sai su ɗaga wa juna hannu daga nesa, kowa na tsoron idon mutanensa. Sau da yawa Kambai yakan ɗauko maɓallin Mijinyawa da niyyar aika masa, sai ya fasa. A ganinsa mayar da shi daidai yake da cewa an gama ke nan. Ga shi kuma a dokar wasa, tunda ba a zauna ba, jirgi bai zo ba. Ya mayar da gwangwanin kan kabad ya bar shi a can.

Farkon 1993 Mijinyawa ya kwanta. Zazzaɓi ne mai naci da ciwon ciki, ya sha maganin kemis, ya sha rubutu, ya sha jiƙo, ƙaton nan ya koma kamar sandar rake da aka tsotse. In zafin ya hau kansa sai ya riƙa sambatu: yana tasha yana jira, benci ya ishe shi, Kambai bai aiko kowa ba. Asibi ta tsare matarsa da tambaya har ta ji labarin maɓalli da gwangwani daga farko zuwa ƙarshe.

Da hantsin wata Asabar ta zo kwatas, da maƙwabta maza biyu a bayanta. Ta ƙi zama a kujerar da Emilia ta jawo mata. Mijinyawa ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

“Kambai, abokin naka yana mutuwa.”

“Inna, na ji bai da lafiya. Na so in zo, amma kin ga yadda gari yake.”

“An ce kurwarsa tana wurinka.”

“Wasa ne, Inna. Labari ne kawai muke yi, kamar tatsuniya.”

“Na san wasa ne, an bayyana mini, ba yarinya ba ce ni. Amma ka karɓi abin jikin mutum, ka kira shi kurwarsa da bakinka, ka rufe a gwangwani wata goma. Wa ya taɓa yin irin wannan wasa? Ban ce ka yi da gangan ba, ɗana. Wani yana da abin a cikinsa bai sani ba. Ka zo ka tsallake shi.”

Kambai ya gane abin da take nufi. Ba wanda ya girma a ƙasar nan, Musulmi ko Kirista, da bai san wannan ba. In ana zargin maye ya kama kurwar wani, sai a sa shi ya tsallake marar lafiyan a gaban jama'a, wai ta haka yake sakinta. Ya shiga ɗaki da sauri ya ɗauko maɓallin ya sa mata a hannu. Ta ƙulle shi a bakin zane, ta ce wannan bai isa ba, tana jiransa bayan azahar.

Suna fita Emilia ta rufe ƙofa ta jingina da ita. “Ba za ka je ba. In ka tsallake, ka yarda ke nan. In ya tashi, za su ce ka sake shi. Kai ba ka san mutane ba? Su suna cewa maita a jini yake, mutanenmu ma haka suke cewa. Joanna fa? Iyayen saurayinta Meshak sun riga sun kawo gaisuwa. Wa zai auri yarinyan maye?”

“In ban je ba ya mutu fa?”

“Allah ne ya kashe shi, ba kai ba!”

“Ki je ki gaya wa samarin unguwansu haka. Ki gaya wa namu ma, da suke jira a taɓa gidan wani.”

Emilia ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Shi kuwa wani abu ne dabam ke cin ransa. Tun kafin su fita ya tambayi ɗaya daga cikin maƙwabtan nan yadda ciwon yake, kuma abin da aka faɗa masa ya san shi sarai, don taifot ya taɓa kwantar da Emilia haka, allura ce ta tashe ta. Asibi ta hana a kai ɗanta asibiti, ta ce ciwon ba na asibiti ba ne, kuma ba za ta ba da shi ba sai an yi abin da ta yarda da shi. Kambai ya auna abin ta kowane gefe, ya ga inda zai ƙare. In ya tsallake aka kai Mijinyawa asibiti ya warke, ba wanda zai tuna da allura. Tsoro ya kama shi ƙwarai, irin wanda bai ji ba ko a kwanakin wuta. Ya yi addu'a a bakin gado, bai ji an amsa masa komai ba. Da azahar ta gota ya sa takalmansa na aiki ya fita.

Gidan ya cika kafin ya isa, mata a ƙofofin ɗakuna, maza a zaure, wasu a kan katanga. An shimfiɗe Mijinyawa a tabarma a tsakar gida. Kambai ya dube shi, da ƙyar ya gane shi. Ya durƙusa a gaban Asibi.

“Inna, zan yi. Amma da sharaɗi. Ina gamawa a sa shi a mota a kai shi asibiti, yau ɗin nan. Ki yi mini alkawari a gaban mutanen nan.”

Ta dube shi, idanunta sun kumbura don rashin barci. “Na yi. In ka sake shi, ko'ina ma a kai shi.”

Ya cire takalma. Mijinyawa ya buɗe ido, hankalinsa ya ɗan dawo, ya ga taron, ya gane abin da ake shirin yi. Ya yi ƙoƙarin ɗaga hannu. “Oga Kambai, kada ka yi. Wallahi kada ka yi.” Muryar ba ta wuce tabarmar ba. Kambai ya ɗaga ƙafa ya tsallake shi, ya juyo ya sake, ya kuma yi na uku. Wata tsohuwa ta rafka salati. Wata ta fizge ɗanta ta tura shi ɗaki. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya taɓa shi, sai dai da ya juya zai fita, hanya ta buɗe masa da faɗi fiye da yadda mutum ɗaya ke bukata.

Asibi ta cika alkawari. Aka ɗauki Mijinyawa a motar da yake lodin citta. Kwana goma sha biyu yana shan allura da ƙarin ruwa, a kwana na sha uku ya nemi tuwo.

Gari kuwa ya yanke hukuncinsa tun kafin a sallame shi. Mijinyawa da ya miƙe ya bi rumfa rumfa yana rantsuwa cewa taifot ne, ga katin asibiti, Kambai ceton ransa ya yi. Mutane su saurare shi da tausayi, in ya wuce su ce har yanzu Kambai bai gama sakinsa ba. Dattawan ikilisiya suka zauna, suka ce su ba su yarda da zancen maita ba, amma dattijo ya shiga al'adar da ba ta dace da mai bi ba, aka sa shi horo wata shida, bencin baya, ba cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi na coci. Horo ya ƙare, kujerarsa ta dattawa ba ta dawo ba, kuma bencin da ya zauna yakan yi fili ko ran Ista. Mai ƙosai in ta hango shi sai ta rufe tire. Emilia ta jefa gwangwanin a masai, ta hura wuta da taswirar, bai hana ta ba. Ta tsaya masa a gaban kowa, ta yi faɗa da rabin zumuntar matan ikilisiya a kansa, amma a gida ta daɗe ba ta yafe masa ba.

Mijinyawa ya riƙa zuwa, ya zauna a gindin mangwaro a idon kowa da gangan. Kambai ne ya roƙe shi ya rage, don kowane zuwa sabon zance yake tayarwa, kuma ciniki ya fara guje wa rumfarsa. Daga baya Mijinyawa ya mayar da harkarsa Kachia, gaisuwa ta koma ta saƙo. Jirage suka yi ƙaranci, Kambai ya yi ritaya a 1996, ya koma noman 'yar gonar masara a bayan kwatas. Iyayen Meshak sun ja ƙafa shekara biyu, amma yaron ya kafe, aka ɗaura aure ba tare da wani taro ba. A duk tsawon wannan Joanna ba ta taɓa barin a faɗi maganar ubanta a gabanta ba, ta taɓa marin wata a bakin famfo saboda haka.

Damina ta 1997 ta haifi ɗa namiji a Madakiya, inda Meshak ke koyarwa. Kambai ya kama zakara mafi girma a gidansa, ya sa rigarsa ta zuwa sujada, ya hau mota. Ya tarar baƙi sun ragu, surukai suna bayan gida wajen girki. Joanna na zaune a bakin gado ita kaɗai, da jaririn a ƙirjinta. Ta yi murna da ganinsa har da hawaye, ta tambayi ƙafarsa mai ciwo, ta tambayi masara. Ya ajiye zakara a bakin ƙofa, ya goge tafukansa a riga, ya matso ya miƙa hannu biyu.

Ba kowa a ɗakin da za ta ji tsoron idonsa. Ta dubi hannuwan, ta dubi ɗanta, sai ta ƙara matse shi a jikinta kaɗan, ita kanta kamar ba ta san ta yi ba.

“Baba, yana barci,” in ji ta.

Idon yaron biyu, yana kallon rufin ɗaki. Kambai ya gani, ita ma ta ga ya gani.

“To, Mamana,” in ji shi. “Bar shi ya yi barcinsa.”

Ya ja kujera can kusa da ƙofa ya zauna, ya sa hannuwansa tsakanin gwiwoyinsa, ya tambaye ta wane suna za su sa masa.